An kira ni aikin ɗibar samfurin ruwan sama da auna ingancin ruwa, me zan tarar a can?

Ɗan_Koyo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin wannan aiki da hannunsu, ba waɗanda suka karanta shi a takarda kamar ni ba.

Na gama difloma a kimiyyar muhalli, na yi wata goma sha ɗaya ina zaune. Makon jiya wani kamfani da ke yi wa hukumomi da masana'antu aikin sa ido kan ingancin ruwa ya kira ni ganawa. Gurbin na ƙaramin ma'aikacin fili ne: ɗibar samfurin ruwan da ke malala daga tituna da harabar masana'antu idan an yi ruwan sama, auna ruwan rafuka wata-wata, da kula da na'urorin da suka girka a bakin magudanai. Kwana biyu na yi ina haddace ma'anar BOD da COD, wato ma'aunan yawan oksijin da dattin ruwa ke cinyewa, amma wallahi ko ɗaya ba a tambaye ni ba. Abu uku mutumin ya tambaya: ko ina da lasisin tuƙi, ko zan iya ɗaukar kula mai kilo 20 in hau gangare da ita, da ko wayata na kwana a kunne. Na ukun ne ya ɗaure mini kai. Da na ce me ya sa, sai ya yi dariya ya ce hadari ba ya duba agogo.

Sun ba ni zuwa Litinin in ba su amsa. Wani abokin karatuna ya ce kada in yarda, wai dako ne aka sa masa rigar kimiyya, shekara biyar zan yi ina jidar kwalabe ban ƙaru da komai ba. To yaya yinin mai wannan aiki yake a zahiri? Me zan koya kafin ranar farko don kada in ji kunya? Kuma akwai gaba a cikinsa, ko abokina ne ke da gaskiya?

Tsohon_Mai_Kwalabe

Wa alaikumus salam, ƙanena. Shekara 14 na yi a fili kafin gwiwa ta zaunar da ni a ofis, yanzu ni ke duba takardun da irinku ke kawowa. Abokinka bai yi ƙarya ba, rabin maganar ya faɗa. Za ka yi jidar kwalabe har kafaɗarka ta ba da labari. Abin da bai sani ba shi ne, rahoton da injiniya zai rubuta, da tarar da hukuma za ta ci wata masana'anta, da tafkin tace ruwa da za a ce a gina ko a fasa, duk a kan kwalbar nan suke tsaye. In ta karkace a hannunka, babu mai digirin da zai miƙe ta daga baya.

Bari in fara da wayar. Idan aka ɗauki kwanaki ba ruwa, kwalta da siminti da rufin kwano tara datti suke yi: baƙin mai da ya ɗiga daga motoci, ƙurar taya da ta birki, kashin dabbobi, taki, yashin wuraren gini. Ƙurar birki na ɗauke da jan ƙarfe, taya da rufin kwano kuma suna sakin zink. Da ruwa ya sauko, zubin farko ne ke kwashe mafi yawan wannan dauɗa, musamman a ƙaramar haraba mai kwalta. Mu wankin farko muke ce masa, kuma shi ake son kamawa. A ƙa'idar da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta shimfiɗa wa masana'antu, wadda da ita aka koya mini aikin, ana ɗibar samfur cikin minti 30 na farko da ruwa ya fara fita daga bututu, kuma sai an yi aƙalla awa 72 tun ruwan da ya gabata. Ka ga ke nan in hadari ya sauke da ƙarfe biyun dare, ba za a jira ka nemo takalmi ba.

Kada kuma ka raina yawan ruwan. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ce cif. Ruwan milimita 10, wanda ba wani ruwan a-zo-a-gani ba ne, idan ya sauka a hekta 1 ya zama lita 100,000, kuma in kwalta ce kusan dukansa gangarawa yake yi, ƙasa ba ta sha. A yawancin garuruwa wannan ruwa ba ya biyawa ta wata matata, rafi yake faɗawa kai tsaye. Su kansu Amurkawa sun daɗe ba su waiwaye shi ba. Dokarsu ta tsaftar ruwa ta 1972, wadda ta biyo bayan abubuwa irin wutar da ta kama a kan kogin Cuyahoga a 1969 saboda mai da tarkace, bututun masana'antu da na bahaya ta fi sa wa ido. Sai a 1987 aka yi mata gyara aka shigar da ruwan sama sosai, aka fara da manyan birane a 1990, ƙananan suka biyo baya a 1999. Wato cikin sana'o'in ruwa, wannan da ake kiranka ka yi ɗan baya-bayan nan ne.

Aikin daren ruwa tun da rana ake fara shi. Da hasashen yanayi ya nuna hadari, sai ka jera kwalaben kowane wuri daban, ka manna musu takarda, ka tanadi ƙanƙara, ka cika batir, ka saita na'ura. Saitin nan ne sababbi ke tsallakewa in suna sauri. Na'urar pH, mai auna tsamin ruwa, da ruwan gwaji uku ake saita ta, mai 4, mai 7 da mai 10. Wadda ke auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, wato alamar yawan gishirin da ya narke a ciki, yawanci da ruwan gwaji mai 1413 ake yi mata. Ka rubuta abin da ta nuna kafin saiti da bayansa, in kun dawo kuma ka sake duba ta. In ta nuna maka 7.6 a ruwan da ka san 7 ne, duk awon da ka yi a ranar ya zama abin tuhuma, kuma kai za ka fara faɗa kafin a gano.

A bakin bututu kuwa, sabuwar safar hannu a kowane wuri. Ka tari ruwan daga tsakiyar kwararar, bakin kwalba na fuskantar inda yake fitowa, kada ta taɓa ƙasa ta tayar da laka. In a rafi kake, kai ka tsaya ta ƙasa, kwalbar ta sama da kai, don kada ka ɗebi abin da ƙafarka ta dama. Waɗanda ba sa jira, wato pH, zafin ruwa da iskar oksijin da ke narke a ciki, nan take ake auna su, cikin minti 15. Saura a jefa a ƙanƙara, sai mota. BOD da COD ɗin da ka haddace kuwa, ajiye su tukuna, aikin 'yan ɗakin gwaji ne.

Ga abin da ya sa na zauna na rubuta maka duk wannan. A shekarata ta farko, wani dare aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ni kuwa barci ya sace ni, sai a kira na uku na farka. Ko da na isa harabar masana'antar, ruwa ya daɗe yana fita. Na ɗebi samfur, na tsaya da biro a hannu ina kallon gurbin lokaci. Na'urar da ke bakin bututun ta nuna ruwa ya fara fita 2:00. Agogona na cewa 2:52. Sai na rubuta 2:25. Na ce a raina ai lambobi biyu ne kawai suka yi musayar wuri, wa zai sani?

Bayan kwana huɗu shugabana ya kira ni. Dattijo ne marar hayaniya. Ya ajiye takardata a gefe guda, ya ajiye hoton littafin mai gadin masana'antar a ɗaya gefen. Mai gadi ya rubuta shigar motarmu 2:44. Bai ce uffan ba sai da kunya ta gama cina. Sannan ya buɗe takardar izinin da hukuma ta ba masana'antar ya nuna mini wani layi da ban taɓa karantawa ba: in ba a samu ɗiba cikin minti 30 ba, a ɗiba da zarar an samu hali, a rubuta dalili. Da na rubuta 2:52 da gaskiyar abin da ya faru, da an karɓi samfurin da ɗan bayani a gefe. Ni da hannuna na kashe shi. Aka soke sakamakon gaba ɗaya, muka yi mako uku muna zaman jiran wani ruwan da ya cika sharaɗi, na kuma yi wata shida ba a bari na sa hannu a takarda ni kaɗai ba. Har yau in sabon yaro ya kawo mini littafin fili mai tsabta fes, ba gyara ko ɗaya, shi na fi bincika. Littafin mai gaskiya yana da jirwayen ruwa, yana da kuskuren da aka ja wa layi ɗaya aka sa hannu da kwanan wata a gefe. Ba a gogewa, ba a yaga shafi.

Na ƙarshe, ranka. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, na santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. Kwalbati da ke bushe da magariba yana iya cika cikin 'yan mintoci. Ka ɗaura kwalba a doguwar sanda ka ɗiba daga bakin gaɓa. In ka ji tsawa, koma mota, ka jira minti 30 bayan ta ƙarshe. Ramin magudana mai murfi kuwa, ko kanka kada ka zura. Iskar da muke shaƙa na da oksijin kashi 20.9 cikin ɗari, in ya sauka ƙasa da 19.5 wuri ya zama haɗari, kuma ido ba ya gani. Akwai kuma iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa take kashe jin wari, sai ka ɗauka ta tafi alhali a lokacin ta fi ƙarfi. Shiga irin wannan rami sai mai horo na musamman, da na'urar auna iska, da igiya, da mai tsaro a sama. Duk wanda ya ce maka "ai minti ɗaya ne", ce masa ya shiga da kansa.

Uwar_Ɗakin_Gwaji

Malam Mai Kwalabe, sannu da ƙoƙari, amma akwai inda ban bi ka ba. Ka ce wa yaron nan ya ajiye karatunsa. Ni ce ke zaune a teburin karɓar samfur, kuma da na buɗe kula nake gane wanda ya san dalilin abin da yake yi da wanda aka ce masa yi kaza ya yi.

Ƙanena, ga misali. Ruwa mai zafin digiri 20 a daidai gaɓar teku, oksijin ɗin da zai iya riƙewa kusan miligiram 9.1 ne a lita. A digiri 30 ya sauka zuwa kusan 7.6. To in na'ura ta nuna maka 12 a ruwa mai ɗumi da sassafe, wanda bai yi karatu ba zai kwafe ya wuce. Kai kuwa ya kamata ka tsaya. Da tsakar rana ne a tafki mai gansakuka, to yana yiwuwa, don tsirran na fitar da oksijin a hasken rana. Amma da asuba, bayan sun kwana suna shan iskar? Na'urarka ce ke da magana. Wannan tsayawar ta minti biyu ita ce bambancinka da ɗan dako.

Kwalaben ma kowace da dalilinta. Ta ƙarafa akwai asid na naitirik a ciki don ya sauke pH ƙasa da 2, ƙarafan su zauna a narke kada su manne a jikin kwalba. Da haka samfurin ke kai wata shida, ban da na makyuri da ke tsayawa a kwana 28. Ta amoniya da fosfarus asid na salfiyurik ne. Saboda haka kada ka ɗauraye su, kada kuma ka cika su har su tumbatsa, asid ɗin kake zubarwa. Sau nawa ana kawo mini kwalbar ƙarafa in ɗiga a takardar gwaji in ga 6, in tambaya a ce "ai na ga kamar da ruwa a ciki, na zubar". Ta mai da maiƙo gilashi ce, kuma kai tsaye ake tara ruwa a cikinta, don in ka bi ta bokiti rabin man a jikin bokitin zai tsaya. Ta ƙwayoyin cuta a rufe take zuwa, an kashe komai a cikinta. Farar ƙwayar da za ka gani a gindinta ba datti ba ce, tana kashe ƙarfin kulorin ne. Ka cika zuwa layin mililita 100, ka bar sarari a sama, yatsanka kada ya taɓa cikin murfi.

Sai lokaci. Samfurin ƙwayoyin cuta awa 8 gare shi daga ɗiba zuwa fara gwaji, kuma ni ma ina buƙatar rabona a cikin awannin. BOD, duhun ruwa da naitiret awa 48. Lakar da ke yawo a ruwa, wadda muke tacewa mu busar a digiri 103 zuwa 105 mu auna, kwana 7. Kula ta iso mini a digiri 6 ko ƙasa, ba a daskare ba. Ƙanƙara ta gaske za ka zuba ta rufe kwalaben, ba 'yan ƙulli biyu a saman murfi ba. In za ku iso ranar Juma'a da yamma ko cikin dare, don Allah ka kira tun kuna hanya.

Wani abu da ba wanda zai gaya maka: in ruwan ya yi baƙi yana wari, rubuta a takarda. Farantin da muke ƙirga E. coli da shi, wato ƙwayar cutar da ke nuna akwai bahaya a ruwa, yana da iyaka, 2419.6 a mililita 100. Ruwan kwata bayan ruwan sama yakan wuce haka cikin sauƙi. In ka faɗa mini zan tsarma shi in samo adadi na gaske. In ba ka faɗa ba, bayan awa 24 duk ramukan farantin za su haska, in rubuta "ya fi 2419.6", samfurin kuma ya riga ya mutu. Don ka san girman abin, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada a samu ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha, ma'aunin Amurka na ruwan iyo kuma matsakaicin 126 ne.

Za su riƙa ba ka kwalbar tsaftataccen ruwa ka buɗe a fili ka juye a wata kwalbar, za su kuma ce ka ɗebi tagwayen samfur a wuri ɗaya. Kada ranka ya ɓaci, hannunka ake gwadawa, da namu ma. Kuma takardar miƙa samfur hannu da hannu, wadda duk wanda ya karɓa ke sa hannu da lokaci, sa ta a leda ka manna a cikin murfin kula. Na gaji da shanya takardu a kan taga.

Na_Bar_Fili

Ni shekara biyu na yi na gudu, don haka bari in faɗa maka ɓangaren da manyan nan suka manta saboda sun saba.

Barcinka ba naka ba ne duk damina. Sau da yawa za ka shirya komai, ka kwana da takalmi a bakin ƙofa, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta kwashe shi. Ƙanƙara ta narke a banza, gobe a sake. Inda na yi aiki, awannin jiran nan ba a lissafa su a matsayin aiki. Rigar ruwa da takalmi ni na saya da kuɗina. Sau biyu aka tura ni ni kaɗai da dare saboda abokin tafiyata ba shi da lafiya, kuma a na biyun na zame a gangaren kwalbati na yanke a ƙauri. Bayan mako guda zazzaɓi ya kwantar da ni, likita ya yi zargin cutar nan da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a ruwan ambaliya, ya ɗora ni a kan magani. Tun daga nan raina ya fita.

Kafin ka ce musu to, tambaye su waɗannan, kuma amsar ta shiga takardar ɗaukar aiki: ana biyan aikin dare da na ranakun hutu? Mutum biyu ke fita ko ɗaya? Wa ke sayen kayan kariya? Motar kamfani ce ko taka? In damina ta wuce albashi na ci gaba, ko kwangilar 'yan watanni ce? In suka fara kame-kame a ta biyun, ka kama gabanka.

Amma don adalci, aikin da nake yi yanzu daga can na samo shi. Ni aka bar wa shigar da bayanai a Excel saboda kowa na gudunsa, daga nan na koyi QGIS, manhajar zana taswira, da kaina, tunda kyauta ce, na zana taswirar duk bakin bututun da muke zuwa. Taswirar nan na nuna a ganawar da ta ba ni kujerar da nake kai. Saboda haka gaba akwai, sai dai ba wanda zai kama hannunka ya kai ka.

Ɗan_Koyo

Allah ya saka da alheri, Baba Mai Kwalabe, Anti, da Yaya Na Bar Fili. Na kwafe tambayoyin nan biyar, gobe zan kira su. Baba, labarin 2:25 ɗin nan ya shige ni, don na san halina, da ni ne ma abin da zan yi ke nan.

Saura biyu. Sun nuna mini wata na'ura kamar ƙaramar ganga mai kwalabe a ciki, wai da kanta take ɗibar ruwa. To in haka ne, me ya sa za a tashe ni da dare? Sannan in ruwa ya ɗauke na watanni, zaman me zan yi?

Tsohon_Mai_Kwalabe

Hajiya ta ɗakin gwaji, na karɓi gyara. Yaro, ɗauko littattafanka, ta fi ni gaskiya.

Gangar da ka gani, yawanci kwalabe 24 ne a cikinta, da ɗan famfo da ke tsotso ta siririn tiyo in ma'aunin tsayin ruwa ya ce mata ruwa ya taso. Tana da amfani ƙwarai, don tana bin ruwan daga farkonsa har ƙarshe, ka ga yadda dauɗa ke tashi da sauka, in an haɗa da yawan ruwan da ya wuce a san kilo nawa na laka ko zink ya shiga rafi. Amma ba ta ɗibar na ƙwayoyin cuta yadda ƙa'ida ke so, don tiyonta ba a tsarkake yake ba. Ba ta ɗibar na mai, don man na mannewa a tiyo. pH kuma ka ji minti 15 gare shi. Waɗannan sai hannu. Ban da haka, leda ɗaya ta isa ta toshe bakin tiyon, batir na mutuwa a daren da aka fi buƙatarsa, yashi na binne ma'aunin. Ita kanta sai an je an kwashe kwalaben an sa a sanyi kafin lokacinsu ya ƙare. Kuma ka riƙa buga murfinta da sanda kafin ka buɗe. Na taɓa samun gidan zanzaro, na taɓa samun abin da ya fi zanzaro tsawo.

Lokacin da ba ruwa kuwa, ni shi na fi so. Akwai zagayen rafuka na wata-wata, da wanke na'urori, da share ma'aunin ruwan sama, wanda ɗan cokalinsa ke kifewa duk milimita 0.2, kuma gizo-gizo ɗaya na iya tsayar da shi. Amma babban aikin shi ne farautar bututu. Magudanar ruwan sama, in an yi kwana uku ba ruwa, kamata ya yi ta bushe. In ka tarar tana zuba, to ruwa ba ya tsami banza. Sai ka duba launi, ka ji wari, ka yi 'yan gwaje-gwajen nan take. Kulorin na nuna bututun famfo ne ya fashe. Kumfa da sinadarin sabulu na nuna ruwan wanki. Amoniya mai yawa da wari na nuna bahaya. In ruwan garau ne, mai sanyi, ba komai a ciki, wataƙila na ƙarƙashin ƙasa ne ke tsattsafowa. Daga nan ku bi layin sama, kuna ɗaga murfi ɗaya bayan ɗaya kuna haskawa daga waje, har ku kai inda na gaba ya bushe. Tsakanin murfin nan biyu mai laifin yake. Mun taɓa yin kwana tara muna bin wani farin ruwa da ke zuwa da safe kawai. Ashe wani gini ne mai aikin famfo ya haɗa bututun bayan gidansa da magudanar ruwan sama, shekaru ba wanda ya sani. Muka zuba koren rini a masai, bayan minti ashirin bakin bututun ya koma kore shar. Ban taɓa jin daɗin ganin ƙazanta kamar ranar ba.

Kuma kada ka ɗauka an gama sanin abin da ke cikin ruwan nan. An yi shekaru kifin salmon nau'in koho na mutuwa a rafukan yankin Seattle duk bayan ruwan sama, ba a san dalili ba. Sai a ƙarshen 2020 masu bincike na Jami'ar Washington suka gano mai kashe su, sinadarin 6PPD-quinone, wanda ke samuwa idan maganin da ake sa wa taya don kada ta tsattsage ya haɗu da iskar ozon. An same shi a ruwan da ya wanke titi, kuma wani ne ya tsaya cikin ruwa ya cika kwalaben.

In sun amsa maka tambayoyin ɗan'uwanka da kyau, ka karɓa. Ranar farko ka roƙi takardar izinin wuri ɗaya da tsarin ɗibar samfurinsu, ka karanta daga bango zuwa bango, abin da ni ban yi ba. Ka tafi da fensir biyu, don biro na ƙin rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda, amma ka tambaya ko sun yarda da fensir a takardar miƙa samfur, wasu sai tawadar da ba ta wankuwa. Tocila ta goshi, ba ta hannu ba. Kayan canji a leda cikin mota. Takalmin ruwa kuma ka ɗauki wanda ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya, don safa biyu za ka riƙa sawa.